Ruwan da Ya Riƙa Ɗiga Daga Hancin Inna

Ba mura ba ce. Ba iska ba ce. Kuma Baba bai taɓa Inna ba, ko da ɗan yatsa. Na fara da waɗannan ne saboda har yau akwai masu tare ni a bakin rijiya, su sassauta murya, wai in gaya musu "gaskiyar magana", kamar na ɓoye gawa a ɗaki. Gaskiyar magana ita ce ƙashi ne ya tsage a cikin kan uwata, can sama da hanci, ruwan ƙwaƙwalwarta ya riƙa tsiyayowa, danginmu kuma suka taru da rawunansu da furfurarsu suka kusa kashe ta da taimako. Sunana Barira. Ni na yi jinyar, don haka ni zan faɗa.

Garinmu yana tsakanin Magariya da Sassumbrum. Muna turka wani farin sa mai tozo, wanda ko yaro ya ja masa kunne ba ya kulawa. Tsakiyar damina ce, ƙudaje sun ishe shi. Inna ta sunkuya za ta ajiye masa kwanon dusa, shi kuma ya ɗago kai da ƙarfi don ya kori ƙuda, goshinsa ya same ta daidai karan hanci, tsakanin idanu. Ba ƙaho ba ne. Da ma ƙahon ne, da an ga rauni a buɗe, an tsorata, an kai ta likita. Ta zauna daɓas a ƙasa, haɓo ya ɓalle, aka kwara mata ruwa a ka, aka toshe hancin da tsumma. Jini ya tsaya, ta tashi ta ƙarasa tuwo. A wurin mutanen gidanmu magana ta ƙare ke nan.

Da gari ya waye idanunta biyu sun yi baƙi zagaye, kamar an shafa mata shuni. Nan masu zuwa dubiya suka samu abin yi. Wata maƙwabciyarmu ta shigo, ta ƙare wa fuskar kallo, ta ce, "Sannu Hajara. Sa ne ko? Allah sarki." Sai ta karkata kai wajen ɗakin Baba. "To, Allah ya shirya mana wannan san."

Baba fa! Mutumin da idan akuya ta shiga rumbunsa sai ya tsaya yana roƙonta ta fito. Sati guda ya yi bai zauna cikin mutane a ƙofar masallaci ba don kunya.

Da kumburin ya sauka, ruwa ya fara. Kafar hancin hagu kaɗai. Fari tas, kamar na randa. Idan tana zaune a miƙe ba ya zuwa, amma ta sunkuya shara, ko ruku'u, ko ta danna tunkuza tana matsar mai, sai ka ji ɗis, ɗis. Ta ce tana jin gishiri a maƙogwaro. Kanta yana sarawa in ta miƙe, yana lafawa in ta kwanta. Sana'ar Inna man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma mai suyar gyaɗa da hanci take aiki. Ran nan ina daga bayan gida na jiyo ƙauri, na rugo, na tarar da ita zaune gaban kasko tana juyawa hankali kwance, gyaɗa ta zama gawayi.

"Inna, ba ki ji ba?"

"Me zan ji?"

Ni ke wanke tsummokaran da take goge hanci da su. Kowa ya san tsumman majina idan ya bushe ƙandarewa yake yi. Waɗannan suna bushewa da laushinsu, kamar ba a goge komai da su ba. Na faɗa a tsakar gida, aka yi mini dariya, wai lakwal, makarantar boko, ta kai ni har karatun majina.

A sati na biyu na matsa aka kai ta likitan gari. Layi har waje, uwaye rungume da yara masu zazzaɓin damina, wasu suna suma. Da muka shiga, majoro, babban ma'aikacin lafiya na wurin, bai ɗago kai ba.

"Me ke damunta?"

"Ruwa ke fita daga hancinta."

"Mura ce. Damina ce."

"Kafa ɗaya ce fa kawai, kuma sa ne ya buge ta a..."

"Ke ce majoro ko ni?"

Ya rubuta maganin ciwon kai da na mura. Na san yana da yara a bakin mutuwa a waje, ban hana ba. Amma ƙarasa jin maganata ba zai kashe ko ɗayansu ba.

Sai Gwaggo Tsahara ta iso daga Dungas. Yayar Baba ce, kuma tunda aka haife ta ba ta taɓa gamuwa da ciwon da ba ta san maganinsa ba. Tun ba ta ajiye ƙunshinta ba ta gama bincike: Inna ta shiga wurin dabbobi dab da magariba ba bisimilla, iska ta shige ta ta hanci, kuma ta hanci za ta fita. Ta kwance bakin zane ta fito da ƴar kwalba mai baƙin mai da ƙullin wani gari.

Ku da kuka taso a ƙasar nan kun san yadda ake yi. A kwantar da mutum rigingine, kai ya rinjaya a bakin gado, a ɗiga masa mai a hanci, sannan a zuba gari a kara a busa masa. Inna ta kama atishawa, wata na bin wata, hawaye na zuba, jikinta duk yana girgiza. Kowace atishawa sai Gwaggo ta ce, "Alhamdu lillahi, tana fita!" Da aka tayar da ita zaune, ruwan nan ya zubo ba ɗis-ɗis ba, ya ɗan kwararo.

"Kin gani, ƴar lakwal? Dattin ke nan."

Na fizge kwalbar na wulla ta bayan katanga.

Gwaggo ta tafa hannu. "Isufu! Fito ka ga abin da ka haifa! Ni za a wulaƙanta a gidan ƙanena?"

Baba ya fito yana sosa ƙeya. "Barira, ba ta haƙuri. Yaya, yarinya ce."

Na ƙi. Aka ce ba ni da tarbiyya, na ce na ji. Abin da ban sani ba, kwalba biyu ta zo da su. Duk sanda aka aike ni gona da abincin masu noma, sai a kwantar da Inna a ci gaba. Ita kuma Inna ba za ta iya ce wa yayar mijinta a'a ba, ko wuta za ta zuba mata.

Ba a rufa sati ba zazzaɓi ya kama ta, irin wanda ko kusa da ita ka zauna sai ka ji zafinsa. Amai. Ta ce a rufe ƙofa haske na sukar idonta. Na zo ɗaga kanta in ba ta ruwa, wuyan ya ƙi lanƙwasuwa, ya tsaya kamar taɓarya. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban san kaina ba.

Na fita zaure na ce sanƙarau ne. Baffannina suna zaune, suka dubi juna. Baffa Sale, wanda shi ne babba a cikinsu, ya ce, "Sanƙarau da damina? Ke wa ya taɓa gaya miki? Sanƙarau ciwon bazara ne." Suka kama musu a kan watan da ake sanƙarau, kamar ciwo yana duba wata kafin ya shigo gida. Na bar su a nan na je na nemo amalanke. Abin da zan yaba wa Baba ke nan: da ya ga an fito da ita, bai tsaya jin ƙarshen musun ba. Ya hau, ya ɗora kanta a cinyarsa, yana kare mata rana da hularsa har bakin hanya, inda muka samu mota.

A Magariya suka soka mata allura a gadon baya suka jawo ruwa. Ma'aikaciyar asibitin ta ɗaga shi sama, ya yi fari-fari kamar gasara. Ta ce ai ya kamata ya zama garau. Nan take aka fara allurai da ƙarin ruwa, aka ce a wuce da ita Damagaram. Man motar asibiti a kanmu, magani a kanmu, har safar hannu a kanmu. Ranar kasuwar Sassumbrum aka kai san. Dillalai sun ji labari tun kafin ya iso, suka taya shi kamar tsohuwar tunkiya, Baffa Sale kuma ya sallama.

A Damagaram na koyi zaman layi. Layin biya daban, layin magani daban, layin hoton kai da suke ce wa sikana daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce ba nan ba ne. Masu jinya muna zube a ƙarƙashin itatuwa da tabarmi da tukwanenmu. Akwai wata mata ƴar Tanut mai jinyar mijinta, ban ma san cikakken sunanta ba, Yaha kowa ke ce mata. Ita ke riƙe mini Inna in na tafi layi, ita ta koya mini juya marar lafiya ba tare da na ja masa wuya ba, kuma ba ta taɓa dama fura ba ta miƙo mini ba. Allah ya saka mata. A cikin dangina kaf babu wanda ya yi mini rabin haka, amma waya kam ba ta huta ba, kowa da maganin da ya ji an ce.

Da hoton ya fito, lokotoro, wato babban likita, ya kira mu ni da Baba. Saurayi ne siriri, Bazabarme, Hausarsa a karkace, amma shi ne mutum na farko da ya bar ni na kai ƙarshen magana. Da na zo kan tsummokaran, ya ce in maimaita. Sannan ya buɗe kabad ya fito da ƙoƙon kan mutum.

Baba ya ja da baya. "A'uzu billahi!"

"Roba ne, Baba," in ji shi, ya ƙwanƙwasa.

Ya cire saman kamar murfin kwano, ya nuna mana ciki. Ni dai a lakwal an nuna mana zanen ƙoƙon kai, na ɗauka ƙwarya ce guda mai kauri. Ashe ƙasusuwa ne da yawa a ɗinke, kuma ba duka ke da ƙarfi ba. Goshi da kumatu ma akwai ramuka a cikinsu masu iska, duk suna buɗewa cikin hanci. Ya ce mu ɗauka bene ne: hanci ɗakin ƙasa, ƙwaƙwalwa ɗakin sama, rufin wannan shi ne daɓen wancan. Ya sa bakin alƙalami a daidai wurin, tsakanin ramukan idanu. Wani ɗan ƙashi ne, faɗinsa bai kai babban yatsa ba, cike da ƙananan huji kamar rariya. Etimoyid ya kira shi, sunan ya zauna mini. Ya ɗaga shi wajen taga, haske yana ratsawa. Ya ce a jikin mutum bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Ta hujin nan jijiyoyin jin ƙamshi ke saukowa cikin hanci kamar zare. Ƙwaƙwalwa kuma a cikin ruwa take zaune, a naɗe da fata.

Bugun da san ya yi mata ya tsaga rariyar, ya yaga fatar, ya tsinke zaren. Jinin da ya taru a can ciki shi ya sauko ya baƙanta idanu. Ruwan da muke gogewa da tsumma, ruwan da ƙwaƙwalwa ke zaune a ciki ne.

"Inda ruwa ya fita, cuta tana shiga," in ji shi. "An sa mata wani abu a hanci?"

Baba ya kama kallon takalminsa. Ni na ba da amsa, ban rage komai ba, har karan busawa.

Lokotoro ya mayar da murfin kan. "Ƙofa ta buɗe, kun tura datti da hannunku. Atishawa kuma tana ƙara buɗe ta."

Ya kafa doka. Ba fyace hanci, ba shaƙa ruwa, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ta kwanta kai a sama. Ya ce sau da yawa tsagar tana haɗewa da kanta. Idan kuwa ruwan ya dawo, sai an liƙe, kuma ba a nan ba, sai Yamai. Ta hanci ake shiga, ba a fasa kai. In an bar shi, sanƙarau zai komo, kuma kada mu sa rai za a yi sa'a sau biyu.

A sati na biyu a can Inna ta dawo hayyacinta. Abin da ta fara nema buta. Ina riƙe da kwano tana alwala, sai na ga ta kamfaci ruwa ta nufi hanci. Na cafke hannun.

"Ke! Sallata za ki hana ni?"

"Lokotoro ya ce ba shaƙa ruwa, ba sujada."

"Lokotoro ne zai kwanta mini a kabari?"

Muka yi ta ja. Na yi bayani da rariya, na yi da bene, ko a jikinta. Sai Yaha ta je ta gaya wa mijinta, wanda ashe malami ne. Ya aiko daga gadonsa cewa shaƙa ruwa sunna ce, marar lafiya ya bar ta alwalarsa ta yi, salla kuma ta yi a zaune da nuni. Inna ta ce, "To, tunda malam ya faɗa." Maganar da na wuni ina yi, ya yi ta a numfashi ɗaya aka karɓa, saboda yana da gemu. Na gode masa duk da haka.

Muka dawo gida da ita a kan ƙafafunta. Kunnen hagu ya yi nauyi, ƙamshi kuwa ya tafi ke nan, lokotoro ya ce kada mu jira shi. Ruwan ya tsaya. Gida ya cika da ƴan barka, kowa da rabonsa a cikin nasarar. Baffa Sale ya ce shi ya ce a gaggauta. Gwaggo Tsahara ta gyara zama a kan tabarmar Inna ta ce, "Ai maganina ne ya taso da ciwon ya fito fili. Da yana nan a kwance, wane likita zai gan shi?" Aka ce ƙwarai kuwa. Na tashi na fita don kada in yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Waɗannan ƴan barkar kuma ci suke yi. Babu wadda ta ɗauki tsintsiya, babu wadda ta taɓa turmi. Kaka ta kawo kai, ni ina gona wurin tsinkar wake, wa kuke tsammani ke sunkuyawa gaban murhu? Ban jima ba na lura bakin mayafin Inna kullum yana kusa da hancinta, kuma ta daina ba ni wanki. Ran nan da hantsi na same ta ita kaɗai a ɗaki.

"Inna, sunkuya."

"Ke, ni sa'arki ce?"

"Sunkuya in gani."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta sunkuyar da kai a hankali. Ɗis, a kan tabarma. Ɗis.

"Kada ki gaya wa Malam," in ji ta, haka take kiran Baba. "Sa ya tafi. Me ya rage, gona? Ƙannenki su ci me?"

Na gaya masa kafin azahar.

Don haka ku da ke karanta wannan, ku riƙe: wanda ya bugu a fuska ko a ka, idanunsa suka yi baƙi, ko farin ruwa ya riƙa fito masa ta kafar hanci ɗaya in ya sunkuya, kada a ɗiga masa komai, kada a busa masa komai, kada a sa shi fyacewa. A kai shi inda ake hoton kai. In majoro ya katse ku, ku ci gaba da magana. In gwaggo ta yi fushi, ta sha ruwa.

Baba ya tara ƴan'uwansa a zaure. Ina bayan zana ina ji. Wani ya ce ƙwaƙwalwa ba abin taɓawa ba ce. Wani ya ce shi bai taɓa ganin wanda aka kai Yamai ya dawo da ƙafarsa ba. Baffa Sale ya ce a bari a gama kaka, a ga abin da Allah zai yi. Aka juya ga Baba, ya yi ta murza carbi, can ya ce, "To, a bari a gani ɗin."

Na ɗaga zana na shiga, ko sallama ban yi ba.

"Me za a gani? An gani ai. Na gani da idona a Magariya, a cikin allura."

"Fita, Barira," in ji Baffa Sale. "Maza na magana."

"Sun yi magana wancan karon ma, Baffa."

Ya nuna ni da sanda. "To ki ji. Idan aka kai ta can ta mutu, ke kika kashe ta."

"Na ji."

Na koma wurin Inna, mai kan, tunda duk zaman nan babu wanda ya ga ya kamata a tambaye ta. Tana zaune ta jingina da bango.

"Za su aske ni?"

"Ta hanci za su shiga."

"Za ki shiga da ni?"

"Har bakin ƙofa. In fito da ke kuma."

"A bari mana a cire gyaɗa."

"A'a."

Ta yi tsaki, ta goge hanci. "Ke dai tun kina ciki ba ki da kunya." Can ta ce, "Sauko mini da akwatin nan in ga zannuwan da suka rage."

An koma lakwal satin da ya wuce. Bana ya kamata in shiga ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare, a Magariya, na aika an gaya musu kada su jira ni. Tumakina na kiwo na kai su kasuwa da kaina, ban bi ta hannun kowane baffa ba. Ranar Laraba za mu kwana Damagaram, mu kama motar Yamai. Na gaya wa Baba akwai wurinsa in zai zo, in kuma ba zai zo ba ya tsare gida, kada kowa ya taɓa gona. Bai tsayar da shawara ba tukuna.

Ban san yadda aikin zai kasance ba, lokotoro bai yi mini alkawari ba, ni ma ban yi wa Inna ba. Idan abin ya zo da ƙarar kwana, na san sunan da za a kira ni da shi daga nan har Dungas, har in tsufa. Zan ɗauka. Abin da ba zan yi ba shi ne in zauna a tsakar gida ina jiran ranar da wuyanta zai sake sandarewa, don kada a ce na yi wa manya rashin kunya. Laraba za mu tafi.